Yadda za ka samo wa Kindle ɗinka riga, ko ka sa baduku ya ɗinka maka

Jama'a masu karatu a Kindle da Kobo da ire-irensu, na'urorin nan na karanta littattafai, yau maganar riga za mu yi, wato bangon nan da ake saka wa na'urar, wanda masu shagon waya a nan suke ce wa foshet. Abun ya fara yawa a hannun ɗalibai a Marwa da Ngaundare, da wasu malamai da ma'aikata a Garwa da Njamena, kuma yawanci okaziyo ce, wato ta hannu, wani ɗan'uwa ya aiko daga Faransa ko aka tsinta a wajen 'yan gwanjo, haka take zuwa tsirara ba kwali ba caja ba takarda, mutum ya karɓa da murna ya zuba mata littattafai ya jefa ta cikin jaka tare da makullai da kwalbar turare da cajar waya, bayan wata biyu sai ka ji ana cigiyar mai gyara. Toh mai gyaran ne babu. Masu gyaran waya ba sa ajiye irin wannan sikirin, sai dai a yi oda daga waje, kuma in ka haɗa kuɗin sikirin da na kawowa da na aiki sau da yawa ka kusa kuɗin wata okaziyon. Shi ya sa rigar ba ado ba ce.

Ka fara sanin abin da kake karewa tukun. Fuskar waɗannan na'urori ba irin ta waya ba ce, ana ce mata E Ink, wasu ƙananan ƙwayoyi ne baƙaƙe da farare a cikin ruwa, wutar lantarki ke tura su sama ko ƙasa su fitar da rubutu, shi ya sa ba ta cin batir sai lokacin juya shafi, kuma ana iya karatu da ita a tsakiyar rana. In ka taɓa saman fuskar za ka ji laushi-laushi irin na roba, sai ka ɗauka ai wannan ba ta fashewa. A nan ake yaudaruwa. A ƙarƙashin wannan saman akwai wani siririn gilashi wanda shi ke ɗauke da wayoyin da ke juya ƙwayoyin, kuma shi ne ke tsagewa. Ba ka ganin tsagar da ido, ka shafa da yatsa ma sumul, amma sai ka ga rabin shafin ya daskare a kan rubutun jiya, ɗaya rabin yana juyawa, ga layuka baƙaƙe da farare sun ratsa a tsaye da a kwance, wani lokaci da wani tabo mai toka-toka daga kusurwa ɗaya inda abin ya danna. In ka ga haka kar ka wahalar da kanka da kashewa da kunnawa ko riƙe maɓalli, gilashin ya tafi.

Abin lura shi ne faɗuwa ƙasa ba ita ce ta fi kashe su ba, na'urar ba ta da nauyi, Kindle ƙarama ta 2022 giram 158 ce kacal. Dannewa da lanƙwasawa su ne manyan makasa. Ka sa ta a aljihun babbar riga ka zauna a kan tabarma ka jingina. Ka sa ta a jakar baya ka hau kilando, wato mashin ɗin haya, mai mashin ya taka birki ka bugi ƙarfe. Ka shiga mota daga Marwa zuwa Garwa an cusa ku, jakarka tana ƙarƙashin gwiwar wani. Jirgin ƙasan dare daga Ngaundare zuwa Yawunde mutum ya yi matashi da jakarsa. Ko a gida ma, an bar ta a kan katifa an rufa zane, yaro ya zo ya tako. Duk wannan ba faɗuwa a ciki ko ɗaya. Saboda haka duk rigar da za ka saya ko ka ɗinka, tambaya ta farko ita ce: tana da murfi mai tauri a kan fuskar? In babu, sauran kwalliya ce.

Kafin ka kashe ko dala, ka gano wace iri ce a hannunka. Wannan shi ne inda kuɗin mutane ke salwanta, domin a ce "Kindle Paperwhite" kawai bai isa ba, sunan ɗaya ne tun 2012 amma jikin ya sha canzawa. Ta 2018 fuskarta inci 6, tsawonta milimita 167, faɗi 116. Ta 2021 inci 6.8, tsawo wajen 174, faɗi wajen 125. Ta 2024 inci 7, ta ƙara 'yan milimita a kan wancan, a ido kamar ɗaya suke da ta 2021 amma rigar ba ta zama daidai. Haka ƙaramar Kindle, ta 2019 da ta 2022 duk inci 6 ne amma ta 2022 ta fi ƙanƙanta, in ka saka ta a rigar ta 2019 sai ta riƙa rawa a ciki har ta zame. Kobo ma haka, Clara inci 6 ce, Libra inci 7 da maɓallan juya shafi a gefe ɗaya, kuma rigar Kindle mai inci 6 ba ta shiga Kobo mai inci 6, wurin maɓallin kunnawa ma daban ne. Waɗanda aka aiko musu daga Faransa, da yawa Kobo ce da ake sayarwa a kantin Fnac ko kuma wata mai suna Vivlio, wadda jikinta na kamfanin PocketBook ne, toh ka duba sunan da kyau kar ka ce wa komai Kindle.

Yadda za ka gane: juya bayanta, a can ƙasa akwai ƙananan rubutu da lambar samfuri. Misali PQ94WIF ita ce Paperwhite ta 2018, M2L3EK ta 2021. Ka rubuta lambar a intanet za ta faɗa maka shekara. In rubutun ya goge, shiga saitin na'urar wajen bayanin ta, akwai lambar siriyal a nan, ita ma tana nuna iri. Wata alama ta saurin ganewa kuma ita ce bakin caji, in irin tsohon siririn nan ne mai gefe ɗaya toh Paperwhite ɗin ta girmi 2021, in USB-C ne irin na wayoyin yanzu toh daga 2021 ne zuwa sama. Sannan ka ɗauko rula ka auna tsawo da faɗi da kauri da kanka ka rubuta a takarda. In ɗan'uwa ne zai sayo maka a waje, ko ɗan kasuwa mai zuwa Duwala ko Kano ko Dubai, ka tura masa hoton bayan na'urar da wannan awon ta WhatsApp, kar ka ce masa "irin ta Kindle" kawai, zai kawo maka ta tablet ne wallahi. Mai nema a shafukan Faransanci ya rubuta étui liseuse sai sunan na'urar da shekararta.

Yanzu ire-iren rigar. Akwai ta roba mai laushi wadda ke rufe baya da gefe kaɗai, galibi fara mai nuna ciki, 'yan mata suna sonta saboda ana saka hotuna da sitika a ƙarƙashi. Tana da daɗin riƙo kuma tana tare kusurwa in ta faɗi, amma fuskar a buɗe take, ke nan ainihin abin da muke tsoro ba ta taɓa shi ba. In ita kike so 'yar'uwa ba laifi, amma sai kin haɗa ta da wata jakar mai tauri ta fita unguwa. Kuma rana tana mai da ita ruwan ɗorawa cikin ɗan lokaci.

Akwai mai kama da bangon littafi, baya mai tauri da na'urar ke shiga ta zauna daram, da murfi da ake buɗewa gefe. Ni a ganina wannan ita ce ta kowa da kowa, wanda bai son dogon tunani ya saye ta ya huta. Amma ka gwada murfin kafin ka biya, ka kama shi da hannu biyu ka ɗan lanƙwasa, in ya bi hannunka ba gardama ka ajiye musu kayansu. Ka duba cikin murfin akwai shimfiɗa mai laushi, ka duba kusurwa huɗun an rufe su duka domin wasu masu arha suna barin sama da ƙasa a buɗe, ka duba ramin caji cajarka na shiga ba sai ka cire rigar ba. Akwai kuma wadda murfinta ke naɗewa ya zama majingini a tsayar da na'urar a kan tebur, tana da amfani ga mai kwafar darasi ko mai karatu yana cin abinci, sai dai layukan naɗin nan sun rage wa murfin ƙarfi, a ma'aunin da muke magana a kai ta bangon littafi ta fi ta. Sai ta ƙarshe, jaka zalla da ake zura na'urar a ciki a zuge zif. Mai soso kaɗai ba ta hana dannewa, mai tauri irin wadda ake saka hadis ɗin kwamfuta ko kayan caji ita ce ta tafiya. Aibinta ɗaya, lokacin karatu na'urar tsirara take a hannunka.

Nauyi ma a duba. Wata rigar ta kai rabin nauyin na'urar ko fiye, mai karatu a kwance da hannu ɗaya zai ji a wuyan hannunsa, daga nan sai ya fara cire rigar yana ajiyewa, shi ke nan an koma gidan jiya.

Sai maganar zafi, wadda masu yin rigunan nan ba da mu suka yi lissafi ba. Amazon da kansu sun rubuta a takardar Kindle cewa a yi amfani da ita tsakanin digiri 0 da 35, a ajiye ta kuma kar ya wuce 45. Toh mu da a watan Maris zuwa Mayu inuwa kanta tana haura 40 a Garwa da Marwa da Kusuri da Njamena, kun ga tun a inuwar ma mun tsallake layi, balle cikin mota a rufe ko saman tebur a ɗakin kwano da azahar. Batir ɗin ciki irin na waya ne, zafi yana cinye ƙarfinsa, in ya yi tsanani ya kumbura, kuma in ya kumbura daga ciki yake turo fuskar. Riga ba ta sanyaya komai, baƙa ma ƙara jan zafi take yi in rana ta same ta, saboda haka in da zaɓi ka ɗauki mai haske, toka-toka ko ruwan ƙasa. Kar ka bar ta a gaban mota, kar ka bar ta cikin akwatin mashin, kar ka sa ta caji ƙarƙashin matashi. Masu caji da sola, faifan ne ke son rana, na'urar a ja waya a kai ta inuwa. In ka lura bayan na'urar ya ɗan taso ko rigar da ke shiga da sauƙi ta fara matsewa, ka daina caji ka cire ta daga rigar, kar ka danna don ta koma.

Zafin nan kuma shi ke tona asirin fatar bogi. Yawancin rigunan arha da ake rubuta musu fata, yadi ne aka shafa wa roba a sama, da zufar hannu da zafi da laimar damina sai ta fara ɓarewa daga wurin naɗi, ka tashi karatu ka ga baƙaƙen ɓarɓashi a tafin hannunka da kan farar shaddarka. Ba gyara gare ta. Mai saman yadi ta fi ta daɗewa a nan ko da yake tana shan datti, fata ta gaske kuma ta fi su duka, wadda ita ce muke da ita a gida, zan zo kanta.

Ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin hunturu ba sai na faɗa wa kowa ba, ko ɗaki a kulle take shiga. Ƙurar da ke kan murfi ba komai ba ce, wadda ke shiga tsakanin riga da bayan na'ura ita ce matsala, ƙwayar yashi guda ta maƙale a nan kullum tana gogawa har ta zana bayan, in kuma a cikin murfin ta zauna toh fuskar take ci duk rufewa. Kuma na'urorin nan haskensu daga gefe yake bi ta cikin wani siririn faifai a saman fuskar, shi ya sa ƙaramin ƙarzane da rana ba ka ganinsa amma da dare in ka kunna haske sai ya riƙa ƙyalli a tsakiyar rubutu, abin haushi. Masu tsofaffin irin su Kindle Touch ta 2011 da ƙaramar Kindle ta 2014 da ta 2016, taɓawarsu da wani haske ne marar ganuwa da ke ratsawa daga bakin firam ɗin da ya kewaye fuskar, in ƙura ta taru a lungun sai ka ga shafi na juya kansa ko ka taɓa ta ƙi ji, mutum ya ɗauka ta lalace alhali buroshi mai laushi kawai take so. Ka samu tsohon buroshin haƙori mai laushi wanda aka wanke ya bushe, ka bi lungunan a hankali, bakin cajin kuma ka hura ko ka sa tsinken sakace, ban da allura.

Ruwa bai kai waɗancan damuwa ba sai ga mutanen Ngaundare da damina ke daɗewa, da masu tsallaka kogin Logon ko Binuwai a kwalekwale. Paperwhite daga ta 2018 zuwa sama an yi ta da jure ruwa, a ƙa'idarsu har zurfin mita 2 na tsawon minti 60 a ruwa mai daɗi, amma ƙaramar Kindle ba ta da wannan, kuma okaziyon da aka taɓa buɗewa kar ka yarda da ita ko me aka rubuta. Rigar kanta ko na'urar na jure ruwa ita ba ta jurewa, in ta jiƙe ka cire ta ka shanya a inuwa daban, kar ka sa caji sai bakin ya bushe sarai. Dabarar da ba ta cin kuɗi ita ce leda mai zif irin ta saka abinci, ka ajiye guda a jaka, hadari ya taso ka zura na'urar da rigarta ka zuge.

Toh yanzu ga wanda bai samu ta kanti ba, ko ya gaji da jiran oda, ko kuma irin tasa ta tsufa har an daina yi mata riga. Mu ba baƙin wannan aiki ba ne. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san yadda ake adana Alƙur'ani mai warwaren takardu, tadarishi mai tauri sama da ƙasa ya hana takardun lanƙwasa, a ɗaure, sannan a zura cikin gafaka ta tare ƙura da ruwa. Wannan tsarin shi ne daidai abin da na'urar ke bukata, kuma dukawanmu sun iya shi tun kakanni. A Marwa ga majema ga masu aikin fata a artizana, kasuwar masu sana'ar hannu, a Garwa da Njamena ma ba a rasa baduku mai jakunkuna da takalma da kube. Sai dai baduku bai san E Ink ba, in ka ce masa ya yi maka gida kawai zai yi maka mai kyau mai laushi wanda bai tare komai, saboda haka kai ne za ka yi masa bayani.

Kar ka bar masa na'urar. Ba zargi ba ne, wurin aikinsa akwai guduma da basilla da gam, kuma zai so ya riƙa gwadawa yana matsawa. Ka yanka kwali daidai tsawo da faɗinta, ka liƙa biyu ko uku har kaurin ya kai nata, wajen milimita 8 zuwa 9, ka zana masa inda maɓalli yake da inda bakin caji yake da iyakar fuskar, wannan gunkin za ka ba shi ya yi aiki a kai.

Abu na farko allunan ciki guda biyu, na gaba da na baya. Kwalin katon na sabulu ko na taliya bai yi ba, yana da rami a ciki yana mutsewa. A nemi kwali mai tauri irin na bangon babban rijista ko tsohuwar ajanda, ko bangon fayil ɗin ofis mai ƙarfe a ciki, in an samu siririn faifan roba mai tauri ma ya fi domin gara da laima ba ruwansu da shi. Kowane allo ya ɗara na'urar da milimita 3 ko 4 ta kowane gefe, don in ta faɗi bakin allon ne zai fara taɓa ƙasa. Tsakanin allunan biyu a bar gadon baya, faɗinsa kaurin na'urar da ƙarin milimita 4 ko 5, in ya yi kaɗan murfin zai riƙa danne gefen fuskar duk rufewa, in ya yi yawa ya riƙa zamewa. Sai a lulluɓe da fatar akuya ko ta tunkiya mai laushi wadda aka fere bakinta don kar naɗin ya yi tudu. Ciki kuma a shimfiɗa yadi mai taushi marar gashi, ban da fatar da aka rina, domin jar fatar nan ta karan dafi kyakkyawa ce amma in zufa ko ruwa ya taɓa ta tana iya zuba, ba ka so ta zuba a kan fuskar ko a kan farin firam. Sabuwar fata mai warin jima a bar ta ta sha iska kwana biyu kafin a saka na'ura, haka gam ɗin ma ya bushe sosai.

Riƙe na'urar kuma da roba ake yi, irin mai faɗi ta ƙugun wando, gajeru huɗu a karkace a kusurwa huɗu na allon baya, a huda allon a zura su a ɗinke ta baya kafin a rufe da fata, kar a dogara da gam kaɗai don zafi na sakinsa. A lura kar robar ta hau kan rubutu ko ta danne maɓallin kunnawa, a Kindle da yawa maɓallin yana ƙasa kusa da bakin caji. Kar kuma a ja ta da ƙarfi sosai, riƙo ake so ba shaƙewa ba. Rufewa ma roba ɗaya doguwa daga sama zuwa ƙasa ta wadatar. Dan Allah ka hana shi saka maɓallin ƙarfe mai ɗanƙawa a tsakiyar murfi, dukawa suna son sa don yana ƙawata aiki, amma duk rufewa da babban yatsa za ka danna shi kuma a kan gilashin kake dannawa. Haka ƙusoshin ado da zif da ke fuskantar ciki. In ado kake so a yi zane a jikin fatar ta waje.

Wanda ba ya son fata, tela ma zai yi wannan da ragowar atamfa ko shadda ko yadin jins, tsarin ɗaya ne, ya ɗinka aljihu biyu a zura allunan a rufe baki. Ta tela ta fi sauƙin nauyi kuma in an bar baki ɗaya a buɗe ana zare allon a wanke yadin. Sai a ƙara 'yar jaka mai marufi da za a zura duka a ciki lokacin tafiya ko lokacin hunturu.

Saura maganaɗisu. Rigunan kanti da yawa in ka buɗe murfi na'urar ta farka, ka rufe ta yi barci, ba wata waya a ciki, ɗan ƙaramin maganaɗisu ne a murfin da wani abu a cikin na'urar da ke jin kusantarsa. Kana iya sa wa taka ta gida. Ka samo ɗan ƙarami siriri, irin na cikin tsohuwar rigar waya ko murfin kwalin turare, ka kunna na'urar ka riƙa bi da shi a hankali a kan firam ɗin ba a kan fuskar ba, inda ka ga ta yi barci nan ne wurin, in ba ta ji ba ka juya ɗaya gefen maganaɗisun ka sake bi. Ka yi alama a gunkin kwalin, baduku ya fafe ɗan gurbi a allon gaba ya binne shi ya rufe da shimfiɗa, kar ya taso sama. In duk ka zagaye ba ta yi barci ba wataƙila irin taka ba ta da shi, ka bar shi, maɓalli na nan. Kar a sa babba mai ƙarfi, domin in ka naɗe murfin zuwa baya kana karatu zai riƙa kashe maka ita ta baya, wannan matsalar har a rigunan kanti masu arha ana samu, maganinta a ƙara kaurin allon baya. Akasin haka ma na faruwa, murfi mai sako-sako yana buɗewa yana rufewa a cikin jaka, na'urar na farkawa da haskenta, ka iso Kusuri ka tarar batir ya yi ƙasa ba ka karanta ko shafi ba, robar rufewar nan ita ke hana wannan. A Kobo akwai wurin kashe wannan aikin gaba ɗaya a saitin adana batir. Kindle mai nuna talla a fuskar barci kuma ko ka buɗe murfin sai ka shafa da yatsa kafin ta kai ka shafinka, ba laifin rigar ba ne.

Gilashin kariya irin na waya da masu shago za su ce a liƙa maka, ni ban ga amfaninsa a nan ba. Ba ya hana na ciki tsagewa in an lanƙwasa, kuma yana ƙyalli a rana, ya ɓata maka abin da ya sa ka sayi na'urar tun farko. In dole sai ka liƙa wani abu saboda yara ko yashi, a nemi siririyar leda marar sheƙi, a liƙa ta a ɗaki a rufe bayan an yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta.

Wurin cire rigar kanti don shara kuma a yi hattara, nan ma ana fasa sikirin da yawa, musamman riga mai matsewa. Kar ka kama na'urar ka murɗa ko ka sa babban yatsa a tsakiyar fuska ka tura. Ka kifa ta a kan katifa ko zane mai kauri, ka fara daga kusurwar da ba maɓalli, rigar za ka ɓantare daga jikin na'urar da yatsu, kusurwa ɗaya sannan ta kusa da ita, sauran za su fito da kansu. Ka kakkaɓe cikin rigar, ka goge na'urar da ƙyalle mai laushi da aka ɗan jiƙa da ruwa aka matse sosai, ban da jabel, wato bilic, da fetur da turare da omo. Sau ɗaya a wata ya isa, lokacin hunturu kuma duk sati biyu. Wajen mayarwa gefen maɓalli da bakin caji ake fara sakawa, sannan a danna kusurwoyin sama ɗaya bayan ɗaya ta kan firam.